Idan Wuƙa Ta Taɓa Bayan Baba

Ƙarar rodi a kan ƙarfe ce ta fito da Auta daga ɗakin ɗinkinta, da almakashi a hannu.

A tsakar gida ta tarar da Yaya yana jibgar keken motsa jikin Baba kamar ya kama ɓarawo. Mai walda ne, ya san inda ƙarfe ke da rauni. Kafin ta buɗe baki sirdin ya yi tsalle ya faɗa cikin bahon wanki.

Can gefe kan tabarma Baba ne a durƙushe, hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa. Mai Keke, saurayinta, yana tsaye a kansa, tafin hannunsa a kan ƙugun tsohon.

Abin da Yaya ya shigo ya gani ke nan, shi ne kuma ya haukata shi.

Duk unguwar Saja ake ce wa Baba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa kurata fareti, yana zabga wa duk wanda ya ranƙwafa sanda a gadon baya. Sai ga ciwo ya zo ya zaɓe shi kamar da gayya. Ramin da jijiyoyi ke bi a ƙashin bayansa ya tsuke ta wajen ƙugu. In ya miƙe ya ɗan taka, ƙafafu su ɗau zugi su yi nauyi. In ya sunkuya, sai ya ji dama-dama. Mutumin da bai taɓa sunkuya wa kowa ba, yau ba ya samun sa'ida sai a sunkuye.

"Kai ne za ka durƙusar da ubana?" Yaya ya yar da rodin ya yo kan Mai Keke. "Kai da ya kamata ka shigo gidan nan da rarrafe, kai ne a tsaye, shi a ƙasa?"

"Yaya, atisaye ne. Yana sassauta masa..."

Bai ƙarasa ba naushi ya same shi a baki.

Mai Keke ma'aikacin gashin ƙashi ne, hannunsa ya saba ɗaga manyan mutane. Da ya so ramawa da an ga dambe. Amma wa zai ɗaga wa yayan budurwarsa hannu? Ya kare fuskarsa kawai. Yaya ya kwashe masa ƙafa, ya bi shi ƙasa, ya dinga sa masa takalmin aiki a haƙarƙari.

Auta ta faɗa tsakaninsu. Gwiwar hannun Yaya ta same ta a kunci, ta ga wuta, amma ba ta saki rigarsa ba.

"Kashe shi za ka yi? To ka haɗa da ni."

"Tsaya nan!"

Muryar fareti ce. Ko yanzu in Baba ya sake ta, kajin maƙwabta ma nutsuwa suke yi. Yaya ya tsaya yana huci.

Auta ta zaci Baba zai miƙe. Bai miƙe ba. Ya kai hannu ya ture butar da ke gefensa, ruwa ya malale tabarmar, ya jiƙa masa wando har gwiwa.

"Kowa ya fita ya ba ni wuri," ya ce.

Ta ɗauka fushi ne. Kwanan nan Baba ya cika ɓarin ruwa.

Mai Keke ya tashi da ƙyar, dafe da gefen ƙirji, jini na bin haɓarsa. Yaya ya raka shi har ƙofa da hankaɗa.

"Na sake ganin ƙafarka a gidan nan, sai dai a zo a kwashe ka."

*

Mama ce ta gasa mata kuncin da tsumma, tana gasawa tana mita.

"Ke kika jawo. Ga Dakta, mutum kamili, ya nuna yana sonki, kin tsaya kina ruwan ido. Da tuni ya yi wa ubanki aiki an huta."

Dakta likitan tiyata ne, abokin Yaya tun suna yara. Shi ya fara duba hoton bayan Baba ya ce a yi aiki a buɗa wa jijiyoyin hanya. Mai Keke kuwa ya ce a fara gwada atisaye, mutane da yawa suna samun sauƙi ba tare da an taɓa su ba, in abin ya ƙi sai a koma ga wuƙa. Maganarsa ba ta da aibu. Da a nan ya tsaya da ya tsira.

Amma ranar da aka zauna a falo, Yaya ya yi ta yi masa dariya a gaban Dakta, yana cewa hanyar shigowa gida yake nema da keken da ba ya zuwa ko'ina. Daga nan ma sunan ya samo asali. Zuciya ta ɗebi saurayin, ka san namiji a gaban abokin takara.

"Idan wuƙa ta taɓa bayan Baba kafin ɗaurin aure, na haƙura da Auta," ya ce.

Baba ya dube shi ya daɗe.

"Na ji, na kuma riƙe. Ni ma na rantse, in aka yanka ni ba kai ba ita."

Wanda bai san Saja ba zai ce magana ce kawai. Auta ta san shi. Ya taɓa cewa ba zai ƙara taka gidan ƙanensa ba, kuma ko da ƙanen ya rasu, a bakin ƙofa ya tsaya ya yi gaisuwa.

Da farko abin ya yi kyau. Baba ya hau keke yana zagi, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji yana zagi, amma tafiyarsa ta ƙaru. Daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa shagon mai aski. Aka sa rana. Yanzu saura ƙiris, har ta yanka yadin kayanta.

"Mama, shi nake so," ta ce, hawaye na sauka kan tsumman. "Na kai shekarun da zan san abin da nake so."

"So ne zai ɗaga miki ubanki?"

Auta ta juyar da fuskarta bango.

*

Washegari da hantsi Baba ya shigo ɗakin ɗinki yana dogara sanda, yana jan ƙafafu. Bai saba shigowa ba. Ya faɗa kan kujerar da take ajiye aiki.

"Mu ga kuncin."

Ta nuna masa.

"Yayanki jaki ne," ya ce. "Ni ya gado."

Ya ɗan taɓa hira, ya tambayi yadin da ke rataye, ta ce na ranar ne. Ya gyaɗa kai. Da ya yunƙura zai fita ya ba ta baya, sai ta ga jan zare yana reto a bayan wandonsa.

Babbar allurarta ce, wadda ta soke a kujerar. Ta shige masa can saman cinya har kusan rabi, jini ya yi tambari a jikin yadin. Tun zamansa take ciki, yana ta hira.

Sannan ta ji warin. Sannan ta ga kujerar a jiƙe.

Tun ranar farko Mai Keke ya ja ta gefe ya ce mata, "Abu ɗaya nake so ki sa wa ido. In fitsari ya fara kuɓuce masa, ko ya daina jin mazauninsa da tsakanin cinyoyinsa, wannan ya wuce atisaye. Kada ki jira kowa."

Sai yanzu ta gane butar jiya, da duk ɓarin ruwan kwanakin nan.

Ta sa hannu ta zare allurar. Ko gezau bai yi ba. Ta zagayo gabansa ta nuna masa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya dubi allurar, ya dubi kujerar. Fuskarsa ta yi tauri.

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Na san abin da yaron ya gaya miki, ina jin ku ta taga. Ba ki ga komai ba."

"Baba, ƙafafunka za su mutu."

"Nawa ne ko naki?"

"Don Allah, Baba."

"Ke saurara. Kin san ni ba na lashe amaina. In suka yanka ni yau, yaron nan ya tafi ke nan, ko zan mutu da baƙin cikin abin. Ki bar ni in lallaɓa a ɗaura. Bayan nan su yanka duk inda suka ga dama."

Auta ta zube a gabansa ta rushe da kuka. Ita duk zatonta kunya ce ta sa yake ɓoyewa, ko tsoron wuƙa.

"Saboda ni kake zama cikin fitsari?"

"Kul. Kada ki ƙara faɗin wannan kalmar a gabana." Muryarsa ta ɗan karye. "Na ga yadda kike kallonsa. Uwarki ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ba, ban kuma ga laifinta ba. Yaron ya taɓa ni da hannunsa ina ƙasa kamar dabba, bai taɓa bari na ji na wulaƙanta ba. Irinsa nake so in bar ki a hannunsa."

"To ka janye rantsuwar."

"A gaban yayanki da abokinsa na yi ta."

"Baba, rantsuwa ta fi ƙafa?"

"A wurina ta fi."

Ta share fuska ta miƙa hannu ga wayarta da ke kan keken ɗinki. Sandar ta riga ta. Ta sauka a kan yatsunta, wayar ta daki bango ta tarwatse. Bai taɓa dukanta ba tunda aka haife ta.

Suka dubi juna. Hannunta na zubar da jini.

"In kika fita ƙofar nan," ya ce, "ke kika kashe aurenki da hannunki."

Ta buɗe ƙofar ta fita, ko takalmi babu.

*

Ɗakin gashin ƙashin yana bayan wani kantin magani, ba nisa. Ta sami Mai Keke shi kaɗai tsakanin sandunan koyon tafiya, yana naɗe katifar atisaye da hannu ɗaya. Leɓensa ya kumbura, an ɗaure masa ƙirji da bandeji.

"Wa ya taɓa miki hannu?"

"Bar hannun."

Ta gaya masa komai, allurar da butar da kujerar. Yana ji yana ƙanƙance ido.

"Ƙafafun fa, duka biyun yake ja?"

"Duka."

Ya zauna a kan katifar kamar an tura shi.

"Shi ya sa kwanan nan yake hana ni duba shi sosai," ya ce a hankali. "Yana ce mini ya gaji. Ni kuma na yarda, don ina so in yarda."

Ya miƙe ya ɗauki makullin motar wurin aikin. Auta ta riƙe masa riga. Ita da ta sheƙo a guje don a ceci ubanta, da ta ga makullin a hannunsa sai zuciyarta ta ci amanarta.

"Saura ƙiris fa. Ba za a iya jira ba? Ka ba shi wani magani, ka yi masa wani abu. Kai ne ka ce mutane suna warkewa ba wuƙa."

"Wancan daban, wannan daban."

"Shi da kansa ya ce zai jure."

"Jijiyar ba ta san ya ce ba. In ta daɗe a matse, ba lalle ta dawo ba. Zai ƙare rayuwarsa a kwance, ana sauya masa shimfiɗa. Saja fa."

"To ni fa? Ni wa zai duba ni? Na ƙi kowa saboda kai. Na sha zagi, na sha gori, jiya na sha duka. Ka buɗe baki a falo ka yi caca da ni don kada a yi maka dariya, ba ka ko dube ni ba. Yanzu kuma za ka ɗauke shi da hannunka ka kai wa Dakta, ka haɗa masa da ni."

"Ba wanda zai ba shi ke. Ba kaya ba ce."

"Amma kai ka rasa ni."

Hawaye ya zubo masa, ya bi ta kan leɓen da ya fashe.

"Na rasa ki. Bakina ya jawo, kuma har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Amma ki gaya mini gaskiya. In muka yi shiru aka ɗaura, duk safiya kika shiga kika juya shi a kan gado, da wane ido za ki dawo ki dube ni?"

Ta kifa kanta a jikin sandar koyon tafiyar ta yi kuka mai cin rai. Ta san amsar tun kafin ta baro gida, so take kawai wani ya ce mata akwai wata hanya.

Ta saki rigar.

"Mu je," ta ce.

*

Yaya na ƙofar gida, an riga an gaya masa an ga Auta ta fita a guje. Rodin jiya na hannunsa.

"Na ce maka me?" ya ce da ya ga Mai Keke tare da ita.

"Yaya, asibiti za mu kai Baba. Wurin Dakta."

"Ƙarya kake, munafuki."

Rodin ya sauka a kafaɗar Mai Keke. Ya durƙusa, ya sake miƙewa ya nufi ƙofar. Yaya ya sake ɗagawa, wannan karon kai ya nufa. Maƙwabta sun fara taruwa, mai aski ya fito da reza a hannu.

Auta ta san abu ɗaya ne zai tsayar da hannun nan, ta kuma san abin da zai ci mata.

"Baba fitsari yake yi a wando," ta ce da ƙarfi. "Ba ya jin jikinsa. Na zare masa allura daga cinya bai sani ba."

Layin ya yi tsit. Tagar Baba a buɗe take, tana kallon titi.

Rodin ya sauko a hankali. Daga ciki suka ji an danna sakata.

Yaya ne ya ɓalle ƙofar da rodin da ya zo kisa da shi. Baba na zaune a bakin gado, sanda a hannu, idanu jajur. Mama ta rakuɓe a lungu da hannu a ka.

"Duk wanda ya matso sai na fasa masa kai."

Mai Keke ya matso. Sandar ta fasa masa gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai tsaya ba. Ta sake sauka a wuyansa. Ya juya ya durƙusa ya ba tsohon baya, ya kamo hannayensa biyu ya ɗora a kafaɗunsa, har da wadda aka dake ta yanzu. Ya miƙe da shi yana nishi.

Baba ya yi ta dukan ƙirjinsa, daidai kan bandejin. Sai dukan ya fara rauni. A goye bayansa ya lanƙwashe, kuma a lanƙwashe ne kaɗai ciwon ke sakinsa. Auta ta ga ya saki wani dogon numfashi, kansa ya kwanta a wuyan saurayin.

Ta yafa masa zani daga ƙugu zuwa ƙasa kafin su fita cikin mutane.

"Kai wawa ne," Baba ya ce a kunnensa, amma ta ji. "Na kusa kai ka gaci."

"Na sani, Baba."

"Ba zan janye ba."

"Na sani."

*

A asibiti Dakta ya fito da kansa. Ya yi 'yan tambayoyi, ya tsikari tsohon nan da can, ya sa aka ruga da shi ɗaukar hoto. Da ya dawo ya ce a shirya ɗakin tiyata yanzu. Bai yi murmushi ba, bai kuma dubi Auta ba, ta ji ta gode masa a kan wannan.

Aka turo Baba a kan gado, a kwance ta gefe, gwiwoyi a naɗe. Ta kama ƙarfen gadon.

"Baba, ka yafe mini."

Ya dubi yatsunta da suka kumbura. Ya kai hannu kamar zai taɓa, sai ya mayar ya rufe ido. Ƙofar ta rufe a bayansa.

Yaya na zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Mai Keke na tsaye a jikin bango, wata nas ta manna masa auduga a gira. Ya matso ya tsaya nesa da ita kaɗan, irin tsayuwar da baƙo ke yi.

"In ya fito zai buƙaci mai koya masa tafiya," ya ce. "Zan turo abokin aikina, yana da haƙuri. Ki gaya masa kada ya tsaya a kan Baba in yana ƙasa. Ya durƙusa shi ma. Ni ban yi tunanin haka ba sai jiya."

"Shi ke nan abin da za ka ce mini?"

Ya miƙo mata abin da ke hannunsa. Takalmin Baba ne ƙafa ɗaya, ya faɗi a mota.

Ta karɓa.

Ya juya ya nufi ƙofar fita, dafe da haƙarƙari, a sunkuye, yana bin bango. Ta taka ɗaya za ta bi shi.

"Ina 'yar mai jinyar?" nas ta leƙo daga ɗaya ƙofar. "Ana neman mai ba da jini."

Auta ta rungume takalmin a ƙirjinta.

"Ga ni," ta ce.